Zuwa ga Bashir a Legas, kan maganar bayan nan naka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas ya aiki, ya madam da yara? Da fatan kowa lafiya. Mu nan Kano alhamdulillahi sai dai zafi da rashin wuta da ka sani. Na saurari saƙon muryar da ka turo, wai da asuba sai ka dafa bango kafin ka iya miƙewa, kuma wani a ofis ɗinku ya ce ka sauke manhaja a waya za ta warkar da kai, kana tambaya ko gaskiya ne ko cin data ne kawai. Abin ya fi ƙarfin saƙon minti biyu shi ya sa na zauna na rubuto.

Kar ka ɗaga hankalinka tukuna, ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen su kai miliyan 843 nan da 2050, babu ciwon da ya kai shi hana mutane harkokinsu a duniya. Kuma kusan tara cikin goma na masu shi ko an yi hoto an yi gwaji ba a samun wani takamaiman abu da za a nuna a ce ga shi nan. Kai kuwa duba rayuwarka, ka fito tun duku-duku ka zauna a mota a goslon gadar Third Mainland, ka isa ofis ka zauna gaban laftof ka sunkuya har la'asar, abinci ma a kan tebur ake kawo maka, ka sake komawa goslo, ka isa gida ka kishingiɗa a kujera da waya a hannu. To yaushe bayan ya motsa?

Manhajar nan ladan ce kawai, za ta kira ka amma ba za ta tashi ta yi maka alwala ba. Abin da yake aiki shi ne motsin da kake yi, ita tunatarwa ce da nuna maka yadda ake yi. Masu kyau a cikinsu abu uku suke haɗawa, bidiyon motsa jiki gajeru, bayani kan shi kansa ciwon don mutum ya daina tsoron motsi, sai koyar da numfashi da sassauta jiki saboda damuwa da rashin barci suna ƙara ciwon baya sosai, wannan kam na gani a jikina lokacin rufe lissafin ƙarshen wata. Akwai wata Kaia ta ƙasar Jamus, jingine wayar kake yi kyamara tana kallonka tana ce maka ka gyara gwiwa ko ka miƙe baya. Su Jamusawa ma tun 2020 likita yana iya rubuta maka manhaja kamar yadda yake rubuta magani inshora ta biya. A Amurka akwai Hinge Health da Sword Health amma yawanci kamfanin da kake wa aiki ne yake biya maka, don haka kar ka wahalar da kanka, da yawansu ba lallai su buɗe maka a nan ba.

An kuma gwada su ba wai a baki ba. Akwai selfBACK da aka gwada a Denmark da Norway a kan mutum 461, sakamakon ya fito a 2021, waɗanda suka haɗa manhajar da kulawar da aka saba ba su sun fi samun sauƙi bayan wata uku, amma bambancin ɗan kaɗan ne ba wani abin a zo a gani ba. Kafin nan a 2016 wasu masu bincike a Ostareliya sun bi manhajoji 61 na ciwon baya suka tarar yawancinsu ba su da inganci. Ni wannan ne ma ya sa nake ganin kar ka yi saurin cire kuɗi. Duk wadda ta yi maka alƙawarin warkewa cikin sati ɗaya, ko ka buɗe ta kafin ka ga motsi ko ɗaya ta ce kawo lambar kati, ko ta nemi shiga lambobin wayarka da hotunanka irin na masu ba da bashin nan, goge ta kawai. Me ya haɗa ciwon baya da lambar surukarka?

Abin da ni nake yi ba shi da wani tsada. Na sa alam ɗin waya duk bayan minti talatin zuwa arba'in ya yi ɗan girgiza, in miƙe in je in ɗebo ruwa ko in kai fayil da kaina maimakon in aiki masinja, in an kira ni a waya a tsaye nake amsawa. Samsung Health tana ƙirga min taku, ranar da na ga lambar ta yi ƙasa sai in sauka daga adaidaita tun kafin layinmu in ƙarasa da ƙafa. Sallar azahar da la'asar kuma na daina yi a lungun ofis, masallacin da ya fi nisa nake tafiya. Motsa jikin kuma bayan asuba nake yi a kan darduma tun ban naɗe ta ba, na zaɓi manhajar da ake sauke bidiyon a ajiye saboda data. Ka kwanta rigingine ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka riƙe kamar numfashi biyar ka sauya, sannan ka kafa tafin ƙafa a ƙasa ka ɗaga kwankwaso sama a hankali ka sauke, sai ka juya ka durƙusa da gwiwa da tafin hannu ka gantsare ka kuma turo bayan sama, duka minti goma ya isa. Ɗan jin jiki da tsami ba komai ba ne, amma in ciwon ya harba zuwa ƙafa ko ya ƙaru sosai ka tsaya. Yara za su tsaya suna maka dariya, nawa har hawa bayana ƙaramar take yi, ka kore su ka ci gaba.

Teburinka ma ka gyara. Ɗora laftof ɗin kan rim biyu ko uku na takarda har saman sikirin ya zo daidai idonka, ka sayi kibod da maus na daban, ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a ƙugunka jikin kujera, ƙafa ta taka ƙasa sosai, kuma don Allah ka cire wannan jibgegen walat ɗin daga aljihun baya. Ita ma wayar in ka gama motsa jikin ka kifa kai kana TikTok awa biyu ka ga an koma gidan jiya.

Na san halinka, na san akwai diclofenac a durowarka. Shan sa kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, ballantana kai da ka taɓa fama da olsa, tramadol kuwa ko ɗan kemis ya miƙo maka kar ka karɓa. Haka masu maganin basir da lasifika da suke jingina kowane ciwon baya ga basir ko sanyi, ba ka san me aka zuba a jarkar ba. Kwanciya kwana da kwanaki ita ma ba ta taimakawa, likitoci sun daɗe da barin wannan shawarar.

Amma ga inda ba ruwan manhaja, ka karanta nan da kyau. In ka ji ƙafa tana mutuwa ko ba ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai sun yi dindiris ba ka jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce maka, wannan asibiti ne a ranar ba gobe ba. Haka in akwai zazzaɓi da zufar dare da rama, ko ciwon yana tashe ka cikin dare ko ya kake kwance, domin a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, ko kuma in faɗuwa ka yi ko hatsari. Ko babu ɗaya cikin waɗannan, in ya wuce sati shida ba sauƙi ka je a duba ka. Kana da asibitin ƙashi na Igbobi nan kusa da kai, shi ne kamar Dala ɗinmu, ka nemi ganin masu gashin ƙashi, wato 'yan fisiyo, su gwada ka su zaɓa maka motsin da ya dace da kai, sai ka riƙa amfani da wayar tana tuna maka.

Ka turo min sunan manhajar da abokin aikin naka ya faɗa in duba ta, da hoton teburinka daga gefe kana zaune in ga yadda kake. Na je na gaishe da Hajiya ranar Juma'a tana lafiya, tana ta faɗan ba ka kira, ka kira ta yau. In za ka zo bikin ƙanin namu ka daure ka biyo jirgi, kar ka ce za ka zauna a lakshiri tun daga Legas da wannan bayan. A gaida madam da yara, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne.

Naka,
Auwalu