Wasiƙa zuwa ga abokina

Abokina,

Salama a gare ka cikin sunan Ubangiji. Yaya uwargida da yara? Shirunka ya yi yawa, har na tambayi ƙanwarka ko wayarka ce ta ɓata ko kuwa girma ne ya zo. Da ma wani roƙo ne ya sa na ɗauki biro, amma bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai.

Ka ji halin da Mama, matar malaminmu na makarantar Lahadi, take ciki? Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Ba ta gane 'ya'yanta, shi kansa Baba takan tambaye shi wa ya ba shi izinin shiga ɗakinta. Da na je gaishe su na tarar yana yanke mata farce, yatsa bayan yatsa, ita kuwa sai faɗa take yi masa. Yaran sun so ɗaukar mai jinya ta riƙa kwana, ya ce ta zo da rana, dare nasa ne.

Ka tuna yadda ya tilasta mana haddace Zabura 136? Ayoyi 26, kowace ta ƙare da cewa ƙaunar Ubangiji madawwamiya ce, kai kana ta gunaguni wai maimaici ya yi yawa, da wannan muryar taka da mawaƙa suka sha wahalarta! To, a ɗakin nan na ga zaburar da idona. Matar ba za ta gode masa ba, gobe ma ba za ta tuna ba, bai kuwa fasa ba. Haka Allah ya aiki annabi Yusha'u ya je ya fanso matar da ta ci amanarsa da azurfa 15 da sha'ir, don Isra'ila ta san da wa ta ƙulla alkawari. Bulus ma ya ce a Romawa 5:8 tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bai jira mu shiryu ba, balle mu gane shi.

Kullum mukan ba da labarin Maksimiliyan Kolbe, firist ɗin da ya karɓi mutuwa a madadin wani magidanci a Auschwitz, sansanin fursunoni na 'yan Nazi, a 1941. Ya cancanta. Amma ni a ganina wanda yake ba da ransa kaɗan-kaɗan, dare bayan dare, ba mai kallo, shi ma yana cikin Yahaya 15:13, inda aka ce ba ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa domin abokansa.

Af, ɗan autan Fasto zai yi aure! Sun zaɓi a karanta 1 Korantiyawa 13, surar ƙauna, kamar kowa. Na ce wa angon ya ƙara da Afisawa 5:25, inda aka umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da kansa domin ikkilisiya. Dariya ya yi, yaro man kaza.

Don Allah ka kira Baba. Ya tambaye ka. Da dare ya fi, bayan Mama ta yi barci, lokacin ne yake samun zama.

Naka a cikin Ubangiji.