Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Zazzaɓin Cizon Sauro Ga Masu Juna Biyu

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu ungozomomi da iyaye mata da wasu magidanta na ƙasarka muka kawo kuka gabanka. Damina ba ta wucewa sai mun ga mace ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa ɗan mitsitsi, ko jininta ya ƙone har tafin hannunta ya yi fari fat. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, kuma maganin kare shi ba ya isowa gare ta.

Cutar nan tana da makirci idan ta samu mai ciki. Ƙwayoyinta kan taru a mabiyiya, inda ɗan tayi ke samun abinci, uwa kuwa tana ta hidimarta, ko zafin jiki ba ta ji. Sai ranar haihuwa a ɗora jariri a ma'auni bai kai kilo 2.5 ba. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, ita ce kuma ta fi jin kunyar faɗa wa kowa tana da ciki.

Rigakafin sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba mai ciki maganin SP, wanda aka fi sani da Fansidar, daga mako na 13, ƙwaya uku lokaci guda, ta haɗiye a gaban ma'aikaciya. A bar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha har ta haihu, kada kuma ya gaza sau uku. Amma a ɗakin awo ake bayarwa, nan gizo ke saƙar. Wata asibiti ya yi mata nisa, wata maigida bai ba ta izini ba, wata ba ta fara awo sai ciki ya kai wata bakwai. Akwai wadda ta daure ta je, aka ce magani ya ƙare, ba ta sake komawa ba, mu kuwa ba mu ga laifinta ba. A ƙasashen Afirka masu fama da cutar, matan da ke samun sha uku ba su kai rabi ba.

Roƙonmu, Allah ya ja zamaninka, shi ne ka sa baki sashen lafiya ya horar da mata daga cikin unguwanninmu, su riƙa kai maganin har gida. An gwada wannan tsari. Daga 2017 zuwa 2022, shirin TIPTOP ya yi haka a Najeriya da Madagaska da Mozambik da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Masu shan maganin suka ƙaru, zuwa awo kuma bai ragu ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da ma'aikatan lafiya na cikin al'umma inda awo ke wahalar samu.

Muna jaddada horarwa, domin aikin ba rabon ƙwaya ba ne kawai. Ba a ba da SP a watanni ukun farko. Ba a ba wadda jikinta ba ya karɓar magani mai sinadarin salfa, haka ma mai ɗauke da HIV da ke shan Septrin. Kuma rigakafi ne, idan zazzaɓi ya riga ya kama sai an yi gwajin jini na yatsa a ba da maganin da ya dace da watannin cikin. Wadda ta fara jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko fita hayyaci, asibiti za a garzaya da ita nan take. Ma'aikaciyar da ta san wannan ita ce za ta rubuta ranar shan kowace mace, ta duba ko gidan sauro mai magani yana rataye ko yana ƙunshe cikin leda, ta kuma tura ta awo, tunda gwajin hawan jini da duba kwanciyar ɗa ba sa yiwuwa a tsakar gida.

A bar mu mu zaɓi matan da kanmu. Mace ba ta buɗe sirrin cikinta ga baƙuwa. A kuma ware musu ɗan alawus mai zuwa a kan kari, a ɗaure su da asibiti mafi kusa inda za su karɓi magani su kai rahoto duk wata. Aikin sa kai da aljihu wayam ba ya daɗewa.

Akwai ɓangaren da kai kaɗai za ka iya. Ka tara dagatai da masu unguwanni da limamai, a faɗa wa magidanta su buɗe wa waɗannan mata ƙofa, su kuma bar iyalinsu zuwa awo da zarar ciki ya bayyana. Maganar da muka shekara muna yi ba a ji ba, idan ta fito daga bakinka rana ɗaya ta wadatar.

Muna roƙon a sa mana ranar zama da kai da jami'in lafiya kafin ruwan bana ya sauka.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Masu koke,
Ungozomomi, iyaye mata da magidantan ƙasarka