Rahoton Ayyukan Shekara: Rumfar Injin Yankan Katako da Abin da Ya Rage

'Yan'uwa membobi, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta rahoton wannan shekara, kuma tun da babban taronmu na bara bai ba mu wani aiki da ya wuce gina wa injinmu rumfa ba, kusan duk bayanina a kanta zai tsaya. An yi tarukan wata-wata a kan lokacinsu, in ban da waɗanda aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta, kuma abin da aka tattauna yana cikin littafin taro ga mai son dubawa.

Kowa ya san halin da injin ya kasance a ciki lokacin da tamfol ne kaɗai rufinsa. Tamfol yana tare ruwa daga sama, amma yana riƙe danshi a ƙarƙashinsa, shi ya sa tsatsa ta kama dogon da injin yake tafiya a kai, zartunan da aka bari a jiki kuma suka riƙa lalacewa tun ba a more su ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne ruwan da yake kwanciya a wurin yana tausasa ƙasa, ƙafafun dogon su nitse a gefe guda, kuma injin da dogonsa ya karkace ba zai taɓa fitar da falanki mai kauri ɗaya daga kai zuwa gindi ba. Da yawa daga cikinmu sun ɗora wa masu tuƙa injin laifin wannan, alhali laifin yana ƙarƙashin ƙafafunsu.

An yi ta tambayar kwamiti, wani lokacin ma da zafi, dalilin da ya sa rumfa guda ta ci watanni ta kuma wuce kuɗin da aka ƙiyasta mata. Amsar tana ga ƙofar da ake shigo da gungume. Dogon injinmu ya kai mita 6, yana ɗaukar gungumen da ya kai mita 5, kuma daga gefe ake mirgino shi, ba daga kai ba. Saboda haka dole wancan gefen ya kasance a buɗe fiye da tsawon gungumen, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Waɗanda suka ba da shawarar a jera ginshiƙai kowane mita 3 kamar yadda ake yi wa rumfar ajiye kaya, ina roƙonsu su tuna cewa ɗanyen gungume mai tsawon mita 5 da kaurin rabin mita, idan icen mai nauyi ne, yana kusan tan guda, kuma ranar da ya kuɓuce wa masu mirgina shi ya doki ginshiƙi, rufin ne zai sauko a kan mutane. Cire ginshiƙin tsakiya kuwa yana da tsadarsa, domin idan aka ninka tazarar da bim, wato ƙarfe ko katakon da ake gicciyawa a kan ginshiƙai ya ɗauki rufi, zai ƙetare sau biyu, alhali bim ɗin da nauyin da ke kan kowane mita nasa ba su canza ba, lanƙwasarsa tana ninkuwa har sau 16. Wannan lissafi ne ya tilasta mana barin katako muka sayi bim na ƙarfe, kuma shi kaɗai ya cinye kaso mafi tsoka na abin da ke cikin asusu.

Raftoci da sauran katakon rufi da injinmu muka yanka su, wanda hakan ya rage kashe kuɗi amma ya ƙara jinkiri. Ɗanyen katako yana motsewa yana murɗewa yayin da yake bushewa, kuma idan aka buga kwano a kansa da wuri ƙusoshi za su saki, rufin ya fara yoyo tun a daminar farko. Abin da masu sana'ar suka saba lissafawa shi ne shekara guda ga kowane inci na kaurin icen mai ƙarfi idan a iska zai bushe. Mun zaɓi icen da ya fi saurin bushewa, duk da haka sai da aka jira, kuma wannan jiran ba sakaci ba ne.

Akwai kuma masu cewa ba a gama rumfar ba tun da babu bango. Da gangan aka bar ta haka. Injin da fetur yake aiki, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana iya kayar da mutum a rufaffen wuri bai ankara ba, ga kuma ƙurar katako da take shiga ƙirji. Gefen da iska take koro ruwa ne kaɗai aka kare da kwano, shi ma an bar masa tazara a sama. Tsayin rufin ya haura mita 3 domin kan injin, wato ɓangaren da ke ɗauke da zarto, ya hau har ƙarshensa ba tare da ya taɓa rafta ba. Ginshiƙan kuwa ba a binne su ba, an ɗora su ne a kan kankaren da ya ɗago daga ƙasa aka ɗaure da ƙarfe, saboda gara da ruɓewa. Kowace kusurwa tana da tokara, kuma an ɗaure raftoci da ƙarfen ɗauri maimakon a dogara da ƙusa kawai, domin rufin da ba shi da bango iska ta ƙasa take shigarsa ta ɗaga shi.

Ranar ɗora bim da buga rufi ita ce ranar da ƙungiyar nan ta nuna abin da za ta iya, kuma ya kamata a rubuta ta yadda ta faru. Tun da sassafe aka kafa ƙafafu uku aka rataya sarƙar ɗaga kaya, aka ɗaura igiya a kowane kai na bim ɗin domin kada ya yi lilo, aka kuma yarda cewa mutum ɗaya ne zai ba da umarni, sauran kowa ya kama bakinsa. Wanda ya san yadda muke surutu a taro zai san cewa wannan ma nasara ce. Dattijon cikinmu, wanda gwiwa ta hana shi hawa tsani, shi ya tsaya da filam, wato zare mai nauyi a ƙasa da ake duba miƙewar gini da shi, a gindin kowane ginshiƙi, bai bari an ɗaure noti ko ɗaya ba sai da zaren ya tsaya cak a inda yake so. Bim ɗin ya tashi a hankali, masu igiya suna sassautawa suna ja, har ya zauna a kan ginshiƙan biyu, ramukan suka haɗu in ban da guda ɗaya da mai walda ya ɗan faɗaɗa nan take. Daga nan aka rabu gida biyu, masu jera rafta a sama da masu miƙa musu daga ƙasa, yaran shagunanmu kuma suka ɗauki jigilar kwano ba tare da an roƙe su ba. An fara buga kwanon daga gefen da yake nesa da inda iska take fitowa, domin bakin kowane haɗi ya ba iskar baya. Kafin rana ta faɗi an rufe, an mayar da dogon a kan sabon kankarensa an daidaita shi da lebur, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya karkace, aka mirgino gungumen farko ta ƙofar da aka yi ta jayayya a kanta, ya wuce bai taɓa komai ba. Da aka auna falankin farko a kai da gindi, kaurin ya zo ɗaya. Kwamiti yana godiya ga duk wanda ya zo, da maƙwabtan da suka ara mana tsani da igiya, alhali ba su da ko sisi a cikin injin.

Sai dai fuskokin da aka gani a ranar su ne dai waɗanda ake gani a kowane aiki, kuma su ne waɗanda littafin ma'aji ya nuna sun biya kuɗinsu cif. Ɓangaren shanya katako, wanda yake cikin tsarin da babban taro ya amince da shi, bai wuce ramukan ginshiƙai ba. Ba a sa indararo ba, shi ya sa ruwan rufi yake zuba daidai inda ake tara gumagumai. Ba a yi wurin tara garin katako ba, kuma tarinsa kusa da inji mai zafi haɗarin gobara ne wanda kwamiti ba zai ɗauki alhakinsa shi kaɗai ba. An zuba kankare a ƙarƙashin dogo kawai, sauran filin ƙasa ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsaya don rashin ma'aikata ko rashin tsari. Kuɗin wata-wata ne bai shigo ba, haka ma gudummawar da wasu suka tashi a gaban jama'a suka yi alkawari. Ma'aji ya bi ya gaji, ni ma na aika saƙonni har na fara jin nauyin kaina, kuma abin da ya fi ciwo shi ne wasu daga cikin waɗanda wayarsu ba ta shiga idan ana maganar bashi su ne na farko a layi da gumagumansu tun da aka rufe rumfar. Har yanzu ƙungiya tana riƙe da bashin membobin da suka ciro daga aljihunsu domin a biya kuɗin bim, kuma ba su taɓa tayar da maganar a taro ba.

Rashin wurin shanya ba ƙaramin giɓi ba ne. Katakon da aka yanka yana buƙatar a ɗaga shi daga ƙasa, a jera shi da siraran sanduna masu kaurin inci guda a tsakanin kowane layi, tazarar kamar rabin mita, kowace sanda daidai saman ta ƙasanta, a shafa wa kawunan fenti don kada su tsage, sannan a kare shi daga rana da ruwa. A yanzu ana jibge shi ne a ƙarshen rumfar, inda yake tare hanyar fitar da falanki, wasu kuma suna barinsa a rana ya tsattsage sannan su dawo su ce zarton ne.

Saboda haka kwamiti zai gabatar wa babban taro shawarar cewa duk wanda ake bin sa bashi ba zai samu layi a injin ba sai ya biya. Wanda yake cikin matsi na gaske ya ga ma'aji a keɓe, za a karɓa kaɗan-kaɗan, ko a lissafa masa aikin hannu a ginin ɓangaren shanya a madadin kuɗi. Abin da ya fara shigowa za a biya waɗanda suka ranta mana, sannan indararo da wurin garin katako kafin ruwa ya sauka. Takardar ma'aji tana haɗe da wannan rahoto, kuma ana so kowa ya duba abin da ke gaban sunansa kafin ranar taro.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa