Rahoton ayyukan shekara: jinyar yara masu ciwo mai tsanani a gidajensu, Maraɗi

Ƴan'uwa mambobi, assalamu alaikum. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a shekarar da ta ƙare.

Yaran da muka riƙa bi gida-gida a unguwannin Zariya, Bagalam, Mokoyo da Sabon Gari galibi kashi uku ne: masu sikila, masu ciwon daji, sai waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ba sa zama, haɗiya ma da ƙyar. Mun leƙa Tibiri. Madarunfa kuwa kuɗin mai ya hana mu.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne raɗaɗi. Idan aka sallamo yaro aka ce wa iyaye "sai addu'a", da yawa sukan ɗauka cewa aikin magani ya ƙare, alhali yaron yana kwana yana kuka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, wadda aka janye a 2019, mataki biyu ta tsara wa yara: farasitamol ko ibufurofen ga ciwo mai sauƙi, mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi, ga mai tsanani. Mofin sai da takardar likita, ana ba da shi bisa awa, galibi duk awa 4, ba sai yaro ya fara ihu ba, kuma yana ɗaure ciki, shi ya sa ake haɗa shi da mai sassautawa. Mun sha fama da iyaye maza kan mofin. Kowa ya ga yadda tiramol ya lalata matasa, don haka tsoron nasu da hujja. Abin mamakin shi ne, a wasu gidajen da aka ƙi mofin na likita, mun tarar da tiramol ɗin ƴan tebur ana ɓantara wa yaro. Inda limamin unguwa ya sa baki, an fi saurin fahimtarmu.

A ganin kwamiti, buhun gero da sabulun da muka raba ba su kai koyar da uwaye amfani ba, ko da yake su aka fi yi mana godiya a kansu. Ma'aikatan jinyarmu sun nuna musu juya yaro duk awa 2 don kada kwanciya ta ci masa baya, da ba shi koko mai kauri yana zaune don kada ya shaƙe. Mai sikila a lulluɓe shi da hunturu, a cika shi da ruwa da bazara, kuma zazzaɓi ba na jira ba ne, asibiti ake nufa ko da tsakar dare. Uwar da ta iya waɗannan ta fi mu, domin mu baƙin yini ne, ita ke kwana. Sai dai ita ma jinya take bukata: ta bar tuyar ƙosanta, ta bar biki da suna, wani gidan har ana yi mata gori. Saboda haka muka kafa karɓa-karɓa, mamba ta zauna da yaro, uwa ta samu barci ko ta je kasuwa.

Kan kuɗi, ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taro. A taƙaice, kuɗin mota ne ya cinye asusu. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma yaranmu da dama sun wuce nan, kuma tsarin bai shafi kabu-kabu ba, balle tafiyar Yamai mai fiye da kilomita 600 ga masu ciwon daji.

Mun rasa yara a wannan shekarar. Allah Ya sa masu ceto ne, Ya ba iyayensu haƙuri. Mun yi ta'aziyya, muka ci gaba da zuwa bayan sadakar arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Yayye da ƙannen mamatan kuwa har yanzu ba mu da wani tsari dominsu, kuma muna neman shawarar malaman makaranta da ke cikinmu.

A babban taro za a kaɗa ƙuri'a kan ware asusun mota daban, da ɗaukar ma'aikaciyar jinya mai amsa waya da dare. Ranar jinyar sassauta raɗaɗi ta duniya Asabar ta biyu ce a watan Oktoba, muna son mu yi ta tare da masu unguwanni. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga ma'aji kafin taron.

Sakatariya, a madadin kwamiti