Zuwa ga Iyayen 'Yan Aji Shida: Batun Yaranmu Masu Son Zama Likitocin Haƙori

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da yayye da kawunnai da gwaggwannin da ke riƙe da ɗalibanmu, muna gaishe ku da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri, ya sa a mori yaran nan.

Da muka raba wa 'yan aji shida na sashen kimiyya takardar zaɓen kwas a farkon zangon nan, yawancinsu likitanci suka rubuta, kamar yadda aka saba. Sai dai bana mun ga wasu 'yan kaɗan, mata sun fi yawa a cikinsu, da suka ce su likitocin haƙori suke son zama. Ba a yi kwana biyu ba wani dattijo cikin iyaye ya tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi, yana tambaya cikin raha ko cire haƙori ma sai an je jami'a, alhali wanzamin unguwarsu bai taɓa shiga aji ba. Mun yi dariya tare, amma tambayar tasa ce ta sa na keɓe wasiƙar wannan zango ga wannan magana.

Alhaji, ga amsarka a rubuce. Karatun likitan haƙori a Najeriya shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Shekarar farko kimiyya ce zalla, kuma wanda bai tsallake ta ba ba zai wuce gaba ba. Daga nan sai ya zauna aji ɗaya da masu karatun likitanci, su koyi ƙirar jikin ɗan Adam da yadda sassansa ke aiki, har da fiɗar gawa a ɗakin gwaji. Bayan haka ne yake shiga nasa fannin: haƙora 32 na babba da 20 na yaro kafin famfara, da dasashi, da harshe, da muƙamuƙi, da jijiyoyin fuska. Kafin a bar shi ya taɓa bakin mutum sai ya daɗe yana koyon aiki a kan kan roba mai haƙora. Idan ya gama, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ita ke yi masa rajista, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Wanda ya karye a muƙamuƙi a haɗarin babur, da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, da mai ƙari a baki, duk suna bi ta hannun mutanen wannan fanni. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka keɓe wa cutar noma, wadda ke cinye naman baki da fuskar ƙananan yara masu fama da yunwa, kuma a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Yaranmu ne cutar ke kamawa, ga kuma ƙarancin masu maganinta a wajenmu.

Na tsaya kan wannan ne don akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan iyaye da yawa, cewa karatun haƙori wajen fakewa ne ga yaron da makinsa bai kai na likitanci ba. Ba haka ba ne. Jami'o'in da ke koyar da shi ba su kai yawan masu koyar da likitanci ba, kuma MDCN ce ke ƙayyade wa kowace yawan ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Tsofaffin makarantun suna Kudu: Legas, Ibadan, Ile-Ife, Benin, Inugu. A nan Arewa, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano ne sanannu a wannan fanni, wasu kuma sun biyo baya. Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa. Mafi ƙarancin makin da za ku ji an sanar a rediyo bayan taron JAMB da shugabannin jami'o'i na shiga jami'a ne gaba ɗaya. Mai neman wannan kwas ya sa a ransa cewa da masu neman likitanci yake tsere.

Jarrabawar kanta, wato UTME, darussa huɗu ce ga ɗanmu: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Babu Lissafi a ciki, kuma a kula da wannan sosai, domin duk shekara sai an sami wanda ya je rajista shi kaɗai ya zaɓi Lissafi a madadin Fiziks ko Bayoloji saboda ya fi iya shi. Zai iya cin maki mai kyau, amma jami'a ba za ta dube shi ba. Tambayoyi 180 ne, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, a cikin awa biyu, jimillar maki 400. Ku yi lissafin da kanku: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya san amsa amma ya saba zama ya yi nazari a tsanake, lokaci zai ƙare masa da sauran tambayoyi a gaba. Ba a rage maki don an ba da amsar da ba daidai ba, saboda haka muna gaya musu kada su bar tambaya ko ɗaya ba amsa.

Tun 2015 ake yin wannan jarrabawa a kwamfuta baki ɗaya. Na san akwai yaranmu haziƙai da hannunsu ke rawa idan suka zauna gaban allon, don waya kaɗai suka sani. Abin ba shi da wuya: haruffa 'yan kaɗan ne ake dannawa, A zuwa D don zaɓen amsa, N a je gaba, P a dawo baya, S a miƙa. Amma abin da ba wuya ma sai an saba da shi. Ɗakin kwamfutarmu zai riƙa kasancewa a buɗe ranar Asabar daga safe zuwa azahar, kuma muna roƙon a bar yara su zo, musamman mata. Wanda ke da hali ya biya wa ɗansa jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Yaro ya ga cibiya da layi da tantancewa sau ɗaya, tsoron ya fita.

Inda yaranmu suka fi zubar da maki, a abin da na gani cikin shekarun da na yi ina koyarwa, Fiziks ne da Turanci. Bayoloji suna son sa, suna haddace shi kamar karatun allo, har su shagala da shi su bar sauran. To Fiziks ba ya haddatuwa, sai an zauna da biro da takarda an warware tambaya bayan tambaya har hannu ya saba. Turanci kuwa shi ne mai tambayoyi mafi yawa, ga dogayen nassoshi da ake so a karanta a fahimta cikin sauri, ga littafin da hukumar ke zaɓa a yi tambayoyi a kansa. Yaron da ba ya karanta komai da Turanci sai littafin aji zai sha wuya a nan. Jarida, ko tsohuwa ce da aka naɗo ƙosai a ciki, ta fi babu. Malamin Kemistirinmu yana da wata dabara da nake so: yakan nuna musu cewa farin ɓawon haƙori, wanda ya fi komai tauri a jiki, sinadarin kalsiyam ne da fosfet, kuma ƙwayoyin cuta ne ke mai da sukarin alewa ya zama asid ya narkar da shi. Daga ranar darasin asid ya daina zama baƙo a wurinsu. Manhajar JAMB tana nan kyauta a intanet, mun kuma buga ta mun manna a ajinsu. A bi ta babi babi, a haɗa da tambayoyin shekarun baya, ana yi ana duba agogo.

Yanzu ga naku aikin, wanda babu malamin da zai yi muku shi. Lokaci. Yarinyar da za ta dawo daga makaranta ta hau wanke-wanke, ta ɗora tukunya, ta yi wa ƙanne wanka, sai bayan isha'i ta buɗe littafi ido na rufewa, ba ta tsere ɗaya da wadda aka sauƙaƙa wa. Yaron da ke wucewa shago daga makaranta har magariba shi ma haka. Ba mu ce a sangarta su ba, Hajiya, mun san gida sai da hannu. Wata uku ko huɗu ne kawai muke roƙo a raba aikin da sauran 'yan'uwa. Bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi shi ne lokacin da karatu ya fi zama, balle jarrabawar kan faɗo ne wajajen watan Afrilu, tsakiyar bazara. A sama musu fitila mai caji. A bar su su yi barci. Kwana ana shan shayi da goro daren jarrabawa bai taɓa ƙara wa kowa maki ba.

Sai takardu, kuma nan ne nake so a karanta sau biyu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa, NIN. Sunan da ke kan NIN, da ranar haihuwa, su ne za su hau kan takardar JAMB. Idan a WAEC an rubuta Muhammad, a NIN kuma Mohammed, ko sunan uba ya koma gaba a nan ya koma baya a can, matsala ce da ke iya tasowa a ranar tantancewa a jami'a. Mun taɓa samun ɗaliba mai ƙoƙari da yayanta ya cike mata takarda cikin gaggawa ya rage mata shekara guda. Watanni aka yi ana zirga-zirgar gyara, sa'o'inta suna aji. Ku ɗauko takardun yaranku yau ku jera su ku duba. Gyara yana ɗaukar lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Layin wayar da za a nemi lambar rajista da shi ya zama na yaron ko na gida, wanda ba zai ɓata ba, don ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. A yi rajista a cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma babba ya raka yaro ya ga abin da aka cike kafin a miƙa. Hukumar ta sa shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a.

Iyaye mata, ga taku ta musamman: lalle. Ana ɗaukar zanen yatsu a ranar rajista, a kuma sake dubawa a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma JAMB da kanta ta yi gargaɗi cewa lalle na iya hana na'ura gane yatsa. Idan sallah ko biki ya faɗo kusa, a yi haƙuri a bar yatsun fari. Ƙunshi yana nan bayan jarrabawa.

Kada zafin JAMB ya sa a manta da WAEC da NECO da ke biye. Kwas ɗin nan yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma jami'o'i da dama sun fi son a same su a zama ɗaya. Ga Lissafin da na ce babu shi a UTME ya dawo ta nan. Bayan sakamako ya fito sai a ɗora shi a shafin JAMB, sannan jami'a ta yi nata tantancewar, wata da jarrabawa, wata da haɗa maki kawai. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Wannan ya sa zaɓin farko yake da nauyi, don haka kafin yaro ya rubuta sunan jami'a mai nisa saboda abokinsa ya rubuta, ku zo mu zauna mu duba tare. Gurbi kuma ta CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, yake fitowa tun 2017, yaro ya shiga ya karɓa da hannunsa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai ƙara maki, ko yana da hanya a ciki, ku riƙe kuɗinku. Haka masu sayar da amsa. Ko da yaro ya tsallake da satar amsa, shekarar farko ta jami'a tana jiransa, kuma can babu mai sayarwa.

Wanda bai samu ba a karon farko, sakamakon UTME na shekara guda ne, yana iya sake zama. Akwai kuma hanyar IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ke kai mai maki sosai aji biyu na jami'a kai tsaye. Sannan akwai kwasa-kwasan kula da lafiyar haƙori da na ƙera haƙoran roba a kwalejojin kimiyyar lafiya. Sana'o'i ne masu daraja, amma ba su ne digirin likita ba, kuma gara yaro ya san bambancin tun kafin a biya kuɗin makaranta. Wani uba da ƙaninsa ke Amurka ya tambaye ni game da jarrabawar DAT. Wannan tsarinsu ne na can, inda sai an yi karatun digiri tukuna ake neman makarantar haƙori, ba ta shafi mai neman jami'a a Najeriya ba.

Abu guda da nake tambayar kowane yaro da ya shigo ofishina da wannan buri shi ne ko ya taɓa leƙa bakin wani da ke ciwo. Aiki ne na hannu da ido da haƙuri, a wuri ɗan ƙarami, a kan mutumin da ke tsoro. Yarinyar da ta iya zanen lalle siriri, ko yaron da ke kwance rediyo ya mayar, suna da wani abu da jarrabawa ba ta aunawa. Idan akwai mai ɗan'uwa ko maƙwabci da ke aiki a sashen haƙori na asibiti, a nemi izini a kai yaron ya wuni yana kallo lokacin hutu. Wasu za su dawo da ƙarin himma, wasu su dawo sun sauya ra'ayi, kuma duka biyun riba ce. Ku ma ku tambaye su a gida, a hankali, ko su ke so ko ku suke son faranta wa.

Za mu zauna da iyayen 'yan aji shida ranar Asabar ta farko bayan hutun tsakiyar zango, da ƙarfe 10 na safe, a babban ɗakin taro. A taho da takardar NIN ta yaro, da takardar haihuwa, da katin rajistar WAEC, mu duba sunaye tare. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo wakili babba.

Wassalam.

Malamin ba da shawara kan karatu,
a madadin shugaban makaranta