Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Garinmu Garkida

Ɗana ƙaunatacce,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Bayan haka, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ba ka da niyyar zuwa gida Kirsimetin bana, wai babu abin da zai kawo ka ƙauye. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A gindin tsamiya, a garin nan da kake gani ƙarami, Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan daga Amurka, suka yi sujada ta farko ranar 17 ga Maris 1923, kuma daga inuwar bishiyar ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta tsiro har ta bazu Adamawa da Borno da gaba. Makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare suka biyo baya, mutane suna tsallako kogin Hawul domin neman magani. A makarantar nan kakanka ya fara karatu, da harshenmu na Bura.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka manta da irin mutanen da suka rene ka. Ranar da kakarka ta rasu kana yaro, kafin gari ya waye matan zumuntar majami'a sun cika tsakar gidanmu, wata da dammin itace a ka, wata da kwanon dawa, suka hura wuta ba tare da kowa ya aike su ba, maƙwabtanmu Musulmi kuma suka zauna tare da mu a kan tabarma ɗaya har aka share makoki. Da mahara suka ƙone majami'u a watan Fabrairu 2020, mutanen nan ne suka koma sujada a tsakanin bangon da hayaƙi ya baƙanta.

Saboda haka ina so ka zo. Ka bi dattawa gida-gida ka durƙusa ka gaishe su, ka shiga gayyar gyaran harabar majami'a tare da sa'o'inka, sannan ka keɓe yini guda wurin gwaggonka da takarda da biro, domin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san yadda gidanmu ya kafu, kuma ƙarfinta yana raguwa. Ka sanar da mu ranar da za ka taso, ƙanenka zai tarye ka a tasha.

Mahaifinka