A daina kiran kiɗan kayan wasan yara da sunan hayaniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani nau'in kiɗan lantarki da ba a cika jin labarinsa ba, wato wanda ake yi kai tsaye a gaban jama'a da kayan wasan yara da aka buɗe cikinsu aka sauya musu hanyar wuta, da kuma kayan kiɗan da mutum ya haɗa da hannunsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da na nuna wa wani bidiyon irin wannan wasa, abin da yakan fara cewa shi ne hayaniya ce kawai, alhali kuwa akwai aikin kunne da na hannu a cikinsa da ya cancanci a dube shi da idon basira.

Wani Ba'amurke ɗan birnin Sinsinati mai suna Reed Ghazala ne aka fi dangantawa da wannan fasaha. A tsakiyar shekarun 1960, yana matashi, wata ƙaramar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta wasan yara da ya ajiye a cikin durowa ta taɓa wani ƙarfe, wuta ta bi ta inda ba a tsara mata ba, sai ya ji tana fitar da wasu sautuka da bai taɓa ji ba. Bai jefar da ita ba, sai ya shiga neman yadda zai maimaita wannan kuskure da gangan, kuma a 1992 ya ba aikin sunan da ake kiransa da shi har yau, wato "circuit bending" a Turance, wanda ma'anarsa ita ce lanƙwasa hanyar wuta.

Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai kwance abin wasan, ya kunna shi yana ƙara, sannan ya ɗauki guntuwar waya ya riƙa haɗa wurare biyu a kan fanel ɗin, wato allon da hanyoyin wutar suke kai, yana saurare. Inda ya ji sauti mai daɗi ko mai ban mamaki sai ya yi alama, ya liƙa waya da dalma, ya sa makunni a jikin akwatin domin ya iya kiran sautin duk lokacin da ya so. Akwai wani ɗan rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, da ke ƙayyade saurin da ƙwaƙwalwar abin wasan take aiki, kuma idan aka musanya shi da irin wanda ake murɗawa, muryar ƴartsana takan koma gurnani mai kauri ko ta haura ta zama fito. Wasu kan sa wanda ke jin haske, ta yadda inuwar tafin hannu kaɗai za ta ɗaga murya ko ta sauke ta. Na'urar koyar da yara haɗa baƙi ta Speak & Spell, wadda kamfanin Texas Instruments ya fitar a 1978, ta yi suna a wannan fage, saboda idan aka lanƙwasa ta sai ta riƙa zubo guntayen kalmomi ba kai ba gindi. Haka ma ƙaramin fiyanon Casio SK-1 na 1985, wanda yake iya naɗar sauti na ƙasa da sakan biyu.

A wurin wasa ne gwanintar take bayyana, kuma nan ne masu suka ba sa lura. Mai kaɗa fiyano ya san abin da kowane maɓalli zai ba shi, amma mai wannan kiɗa yana aiki ne da abin da ba ya bin umarni kullum: batir yana raguwa sautin yana sauyawa, gumin yatsa yana sauya shi, wani lokaci ma na'urar ta ɗauke gaba ɗaya sai an cire batir an mayar. Dole ya riƙa sauraro yana yanke shawara nan take, ya san lokacin da zai bar sauti ya yi tafiyarsa da lokacin da zai katse shi. Michel Waisvisz, wanda ya yi aiki a tsohuwar cibiyar gwajin kiɗan lantarki ta STEIM a Amsterdam, ya ƙera wani ɗan akwati a shekarun 1970 mai faifan ƙarfe a fuskarsa, wanda sai an ɗora yatsu yake magana, domin jikin makaɗin ne yake ƙarasa hanyar wutar. Ban musa cewa wasu wasannin kan gajiyar da kunne ba, musamman idan makaɗin ya saki komai a lokaci guda, amma wannan laifin makaɗi ne, kamar yadda ake samun rashin gwani a kowane irin kiɗa.

Tun da na san matasa masu son gwaji za su karanta wannan, wajibi ne in ja kunne. Ba a yin wannan aiki sai da abin da ke amfani da ƙaramin batir. Duk abin da ake jonawa da wutar bango ba a sa masa yatsa ko waya yana kunne, domin kuskure ɗaya a nan kan iya ɗaukar rai. Sannan mai farawa ya nemi tsofaffin kayan wasa, saboda na yanzu galibi an dunƙule duk aikinsu a ƙarƙashin wani baƙin ɗigon gam mai tauri, wuraren taɓawa sun yi kaɗan.

Roƙona ga jaridarka shi ne, shafin da kuke ware wa kimiyya da ƙere-ƙere ya riƙa waiwayar irin waɗannan masu buɗe na'ura su ga abin da ke ciki, a yi hira da su, a nuna hoton fanel da wayoyin da suka ƙara, tare da bayanin abin da kowace waya take yi.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum